Buhu Ne Ke Biya Wa Fasinja Kuɗin Jirgi

A shekarar 1964 jiragen ƙasa na Najeriya sun yi jigilar fasinja sama da miliyan 11, alhali ƙidayar da aka yi shekara guda kafin nan ta nuna mutanen ƙasar ba su kai miliyan 56 ba. Bayan shekara goma fasinjan suka koma miliyan 4 da 'yan kai. Ya zuwa 2003, jama'a sun ninka fiye da biyu, amma waɗanda suka hau jirgi ba su cika miliyan 2 ba. In ka tambayi mutane a majalisa abin da ya kashe Reluwe, amsar ba ta wuce uku: sata, sakacin gwamnati, da zargin cewa masu manyan motoci ne suka yi mata zagon ƙasa. Na farko da na biyu ba mai musu. Na ukun kuwa kowa na faɗa, ba mai kawo shaida. Sai dai akwai lissafin da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ne ya fi bayyana abin da ya faru, wato na kaya. A 1964 ɗin nan jirgi ya ɗauki kaya kusan tan miliyan 3, a 1974 kuwa tan miliyan 1 da kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza.

Tun farko Turawa ba don ɗaukar mutane suka shimfiɗa dogo ba. An fara aikin daga Iddo a Legas a 1896, ya isa Badun a 1901, da ƙaramin layi mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, irin wanda Ingilishi suka riƙa sakawa a ƙasashen da suka mallaka saboda arha. A Arewa kuma wani tunani ne daban. Gwamna Lugga ya fi son a ja layi daga Baro da ke bakin Kwara zuwa Kano, kaya su sauka a ruwa su wuce teku ba tare da sun bi ta hannun gwamnatin Legas ba. Wanda ya gaje shi a 1907, Percy Girouard, injiniyan dogo ne ɗan Kanada da ya yi irin wannan aiki a Sudan da Afirka ta Kudu, shi ya sa aka haƙa layin Baro zuwa Kano, ƙarfe ya shiga Kano a 1911. Sarakuna da hakimai ne aka ɗora wa nauyin kawo leburori, akasari da tilas, kuma kuɗin ƙarfen da aka riƙa biyansu na cikin abin da ya kori wuri daga kasuwanninmu. Baro ba ta daɗe tana cin moriyar abin ba. Manyan jiragen ruwa ba sa iya kaiwa can sai in kogi ya cika, ga shi kuma layin Legas ya hauro ta Jebba ya haɗu da na Baro a Minna. A 1912 aka haɗe biyun suka zama ma'aikata guda a ƙarƙashin gwamnati. Kafin a gama gadar Jebba a 1916, a jirgin fito ake ɗora taragu a tsallakar da su.

Abin da Turawan suka sa rai da shi a Kano auduga ce. Masaƙun Lankasha da ke Ingila na neman madadin ta Amurka, ƙungiyar masu neman auduga ta Birtaniya har ta kafa injin gurza a Zariya tana jiran kaya. Sai manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugar da yake nomawa, masaƙan gida da marina na saye da tsada fiye da yadda Bature zai biya, don haka ba shi da dalilin kai ta tasha. Gyaɗa kuwa ta dace da jigawar ƙasar Kano, ana haɗa ta da gero a gona ɗaya, in shekara ta yi muni a ci ta, ga shi kuma a Turai an gano yadda ake daskarar da manta a yi man shafawa a burodi, farashinta ya tashi. Fataken goro da suka san ƙauye lungu-lungu su ne suka zama dillalai, suna raba kuɗi da gishiri da tufafi kafin kaka. Gyaɗar da aka fitar daga Najeriya a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Ma'aikatar jirgin da kanta ba ta shirya wa wannan ba, buhuna suka yi ta taruwa a bakin tasha. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita har muna buga hotonta, a gaskiya layin jira ce: an jera buhunan ne haka domin taragu sun kasa kwashe su a kan kari. Alhassan Ɗantata, wanda ya baro fataucin goro a ƙasar Ashanti ya dawo Kano, a wannan harka ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma.

Sauran layukan ma kowanne da kayan da aka ja shi dominsa. Na Zariya zuwa Jos da Bukur, wanda ya fi sauran ƙanƙanta, don kuza aka yi shi, an kammala a 1914 aka rufe a 1957. Na Fatakwal zuwa Inugu, 1916, don kwal ɗin Udi, wanda shi ne abincin kawunan jirgi. Daga can aka hauro ta Makurdi da Kafanchan aka haɗe da Kaduna a 1927, gadar Binuwai ta biyo baya a 1932. Zariya zuwa Kauran Namoda ta Funtuwa da Gusau a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930, duka don auduga da gyaɗa da fatu. Kalli taswira za ka ga layi biyu ne dogaye sun sauko daga Arewa, ɗaya ya faɗa teku a Legas, ɗaya a Fatakwal. Babu layin da ya ratsa Kudu daga yamma zuwa gabas. Mutumin Legas da ke son zuwa Inugu a jirgi sai ya hauro har Kaduna sannan ya gangara. Sakkwato da Katsina kuwa dogo bai taɓa leƙa su ba.

Duk da haka mutane sun hau, kuma hawan ya sauya ƙasar Hausa fiye da yadda masu shimfiɗa ƙarfen suka nufa. Ayarin raƙuma da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus, wanda dama ya fara rauni, ya ƙarasa durƙushewa, tunda abin da ke cin watanni yanzu kwanaki kaɗan ne zuwa bakin teku. Goron da ake ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna ya koma bin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgi. Shanu suka riƙa sauka Kudu a tarago, zangon Hausawa ya yi ƙarfi a Sabon Badun da Agege. Sabon Garin Kano da na Zariya suka cika da akawuna da masu gyaran inji daga Kudu. Kaduna kanta mahaɗar jirgi ce ta sa aka maido hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Kafanchan ƙauye ce kafin dogo. Ma'aikatan Reluwe su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago, kuma Michael Imoudu da ya ja ragamar yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya wuce mako shida, daga cikinsu ya fito. Amma duk wannan hidima, talakan da ke zaune a benci a tarago mai daraja ta uku ba shi ke riƙe da ma'aikatar ba. Abin da yake biya bai isa gyaran layi da gada da albashin ma'aikatan tasha ba. Buhun gyaɗa da kuza da kwal da kananzir su ke biyan wannan, shi kuma ya samu tafiya da rahusa.

A 1955, shekarar da Ɗantata ya rasu, aka yi dokar da ta mayar da ma'aikatar hukuma mai cin gashin kanta, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, da hedikwata a Ebute Metta. Dokar ta ba ta ikon mallakar harkar dogo ita kaɗai, ta kuma ɗora mata abu biyu da ba sa jituwa sai da dabara: ta yi kasuwanci ta riƙe kanta, ta kuma yi wa jama'a hidima a farashin da gwamnati ta amince da shi. Muddin kaya na nan, ba a ga saɓanin ba. Har rancen farko da Najeriya ta karɓa daga Bankin Duniya, dala miliyan 28 a 1958, don dogo ne, wanda da shi aka ja layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Da wannan tsawon layukan ƙasar ya kai kilomita 3,505, kuma a nan ya tsaya cak har shekaru da dama.

Daga nan abubuwa suka zo a jere, kowanne ya cire wa jirgi wani kaya. Rikicin 1966 ya sa dubban ma'aikata 'yan Gabas, cikinsu da direbobi da ƙwararrun makanikai, suka bar Arewa. Yaƙin basasa ya rufe layin Fatakwal na kusan shekara uku, ya lalata gadoji da taragu. Kwal ya rasa kasuwa, har ita Reluwe ta koma amfani da kawuna masu shan dizal. Kuza ta ja baya. Farin farkon shekarun 1970 ya bugi Arewa, ana kukan targaɗe sai ga karaya, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Ɗan abin da ake nomawa kuma injinan matse mai na gida suka riƙa shanyewa, ba sai an kai teku ba. Man fetur da ya maye gurbin gyaɗa a asusun gwamnati, a bakin teku ake haƙo shi, bai da buƙatar dogo. Ko tataccen man da ake kawowa Arewa, wanda da a jirgi yake zuwa, bututu da tankoki suka karɓe shi, aka kuma buɗe matatar Kaduna a 1980.

Kuɗin man ne kuma ya gina wa jirgi kishiya. Gwamnati ta zuba dukiya a titunan kwalta, ta rage wa fetur da dizal farashi. A nan akwai rashin adalcin da ba a cika lura da shi ba. Mai tirela ba ya biyan kuɗin titin da yake farfasawa da nauyin kayansa, gwamnati ce ke ginawa ta kuma gyara. Jirgi kuwa shi ke ɗauke da nauyin hanyarsa, tun daga ƙusa har gada, daga abin da ya samu. Ga shi layin guda ɗaya ne, mai yawan kwana da hawa, in jirage biyu za su wuce juna sai ɗaya ya tsaya a tasha ya jira. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai ga kayansa a ƙofar shago cikin kwana biyu ko uku a mota, me zai kai shi jiran taragon da ba a san ranar isowarsa ba? Ba sai masu motoci sun ƙulla wata maƙarƙashiya ba, tsarin da kansa ya riga ya yi musu aikin.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena ita ce abin da ya faru bayan 1979. A shekarar aka ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar har 1982. Sun gyara kawuna da taragu, sun daidaita lokacin tashi da isowa, mutane kuwa suka dawo, har fasinja suka haura miliyan 15 a 1984, fiye da na zamanin da ake kira na ƙwarai. In da fasinja ke riƙe jirgi, ai da an warke ke nan. Amma kaya ba su koma yadda suke a 1964 ba, kuma a 1988 hukumar ta tsiyace, albashi ya gagara, 'yan fansho suka shiga wani hali. Jirgi cike maƙil da mutane har kan rufi, asusu kuwa wayam. Abin da Indiyawan suka sani a gida shi ne, a can ma kuɗin dakon kwal da siminti da ƙarfe ne ke toshe asarar da ake yi a kan fasinja. Amurka ta bi ta wata hanyar: da kamfanonin jirage masu zaman kansu suka gaji da asarar ɗaukar mutane, gwamnati ta kafa Amtrak a 1971 ta karɓi wannan ɓangaren, su kuma suka riƙe dakon kaya suna cin riba. Har yau Amtrak da tallafin gwamnati take tafiya, kuma yawancin hanyoyin da take bi na kamfanonin kayan ne. Wato ko'ina sai an samu mai biya wa fasinja cikon kuɗinsa, ko buhu ko baitulmali. A Najeriya buhu ya tafi, baitulmali kuma ba ta taɓa ɗaukar nauyin a tsare ba, sai dai in abu ya lalace a yi yayyafin kuɗi.

Yunƙurin ceto da suka biyo baya ba sai an daɗe a kansu ba, don kusan kamarsu ɗaya. Babangida ya naɗa Samuel Ogbemudia ya riƙe hukumar a 1989, aka ɗan motsa, ya tafi aka koma gidan jiya. Abacha ya ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara ta sama da dala miliyan 500 a 1995. Obasanjo ya sa hannu da kamfanin a 2006 kan sabon layi daga Legas zuwa Kano a kan dala biliyan 8.3, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar. A ƙarshen 2012, zamanin Jonathan, aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano a tsohon layi, tafiyar kilomita 1,100 da ɗoriya da ke cin fiye da awa 30. Kowace gwamnati ta fi son sayo sabo a yanke kyalle, kuɗin man shafawa da canjin katakon layi na kowace shekara kuwa ba shi da bikin buɗewa.

Sabon zamanin ya fara ne a Yulin 2016 da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, mai faɗin mita 1.435, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin a cikin kuɗinsa. Warri zuwa Itakpe ya biyo baya a 2020, Legas zuwa Badun a 2021. Ba zan raina su ba. Wanda ya san yadda hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama tarkon masu garkuwa da mutane ya san abin da jirgin nan ya tsare wa jama'a, har manya da 'yan rakiyarsu suka bar motocinsu suka dawo layin tikiti, 'yan cuwa-cuwa suka samu kasuwa, sai da aka koma sayarwa ta intanet a 2021. Sai dai cikar da yake yi ta tsoron hanya ce, kuma ranar 28 ga Maris 2022 tsoron ya biyo shi har kan dogo. 'Yan bindiga suka dasa bam a kusa da Katari, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60, na ƙarshensu ba su fito ba sai a Oktoba. Jirgin bai koma aiki ba sai Disamba, wata takwas babu ko sisin tikiti, bashi kuwa bai san hutu ba.

Abin da ya fi damuna da sababbin layukan shi ne an kifa tsohon tsarin ne. Na Turawa kaya aka sa a gaba, fasinja ya raɓa. Na yanzu fasinja ne a gaba, kayan ana fatan za su zo. Alƙaluman da hukumar ƙididdiga ke fitarwa a 'yan shekarun nan suna nuna kuɗin tikiti ya fi na dako nesa ba kusa ba. Layin Itakpe ya isa misali. An fara shi a 1987 don kai tama masana'antun ƙarfe na Ajaokuta da Aladja, ya ci shekara 33 kafin a buɗe, da aka buɗe kuma Ajaokuta ba ta narka komai, sai aka sa masa taragun mutane. Sannan layukan uku ba su haɗu da juna ba, ba su kuma haɗuwa da tsohon layi tunda faɗinsu ya bambanta. Dogo kuwa a doguwar tafiya da kaya masu nauyi yake kayar da mota. A kilomita 150 ko 180, kafin a loda a tasha a sauke a wata, tirela ta riga ta kai.

Kuma ba kayan ne babu ba. Siminti, taki, hatsi, man fetur, shanu, riɗi, citta da zoɓo, ga kwantenonin da suka shaƙe Apapa, duk suna bin hanyar Legas zuwa Arewa kullum a bayan tirela. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, duka an gina su ne da zaton jirgi zai riƙa kawo musu kwantena a kai a kai. Cire tallafin fetur a 2023 da tsadar dizal sun rage wa mota fifikon da take da shi tun shekarun 1970. A shekarar ne kuma aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi damar shiga harkar dogo, abin da dokar 1955 ta toshe kusan shekara 70.

A nan ne maganar layin Kano zuwa Maraɗi ta shigo, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke yi a kan kusan dala biliyan 2. An sha sukarsa cewa son zuciya ne da dangantaka. Ni kuwa ina ganin a cikin sababbin layukan shi ne wanda hujjarsa ta fi kama da ta asali, domin hujjar kaya ce. Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa mai aiki. Layin da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso kuma yana kwance ba a amfani da shi. Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja iyaka. Sai dai ɗan kasuwar Maraɗi ba Kano kaɗai yake son kayansa su kai ba, teku yake nema. Kafin hakan ta yiwu sai an gama Kaduna zuwa Kano, wanda aka fara a 2021, sai kuma an cike babban giɓin da ke tsakanin Badun da Abuja, wanda shi ne mafi tsawo da tsada. Sai kuma iyakar ta kasance a buɗe, tunda an ga yadda aka garƙame ta bayan juyin mulkin Yulin 2023. A yadda ake yanzu, kwantenar da aka sauke a Apapa aka ɗora a sabon dogo, iyakarta Moniya a bayan garin Badun. A can za a sauke ta a ɗora wa tirela, ta kama hanyar Ilori da Jebba da Mokwa.